Fijon Baban Zuliha

Jama'a, ina gaishe ku manya da yara. Mushe Rashid, maƙwabcina, tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko, inda ake ce wa malami mushe, wanda ke rubuta mini wannan labari a wayarsa, ya karanta mini saƙonninku jiya bayan la'asar. Wata baiwar Allah daga Damagaram ta rubuto cewa: "Baba Idi, cika bakinka ya yi yawa. Ka bar mana zancen kanka, ka faɗa mana yadda kuka yi da Zuliha."

To 'yata, na ji. Amma ki sani ba cika baki ba ne. Ni ne Idirisa, wanda tashar Maraɗi ta raɗa wa suna Idi Ƙi-Mutu. Ban taɓa taka ƙofar lakwal ba, amma in mota ta yi tari sau ɗaya a bayan katanga, sai in gaya miki abin da ke damunta. Kwalara ta kama ni ta gaji ta sake ni. Mota ta kife da ni sau uku, ga ni zaune ina cin goro da haƙorana. Sai dai abin da zan faɗa yau ba na alfahari ba ne. Mushe, rubuta yadda na faɗa, kada ka gyara mini.

Zuliha ɗiyar marigayi Alhaji Abdulmutallib ce na Tibiri. Tun tana budurwa nake son ta, ina ta juya maganar a ciki, har aminina Maman Lawali ya riga ni buɗe baki. Shi ne mai motar da nake tuƙawa, fijo kat-san-kat, wato 404, mai buɗaɗɗen baya, wadda muke ce wa bashe. Ni da hannuna na tuƙa amaryar zuwa ɗakinsa, ina dariya kamar ba komai.

Shekarar zaɓen farko bayan babban taron ƙasa, lokacin da jam'iyyu suka fito kamar ciyawar damina, wata jam'iyya ta ɗauki bashen tamu, aka ɗaura mata lasifika da tuta. Ran wata Talata muna hanyar Jiratawa, muka faɗa kwari a wata kwana kafin gonakin ban ruwa. Mutum huɗu suka rasu, har da Maman Lawali da ke zaune kusa da ni. Ni kuwa gwiwar hannu kawai na ƙuje. Jandarmomi suka tambaye ni, na ce sitiyari ne ya karye a hannuna, ƙofa ta buɗe ta jefo ni waje. Suka rubuta. Ba wanda ya sauka kwarin ya duba.

Shekara biyu suka wuce. Matata ta riga ta rasu tun kafin haɗarin, daga ni sai yayata Atika a gidanmu na unguwar Zariya. Ita kuwa Yaya Atika bakinta ba ya hutawa.

"Idi, namiji da furfura a gemu yana wanke rigarsa da kansa? Ko mutuwar ce ta ƙi ka, matan ma suka ƙi ka?"

"Yaya, ni nake ƙin su."

"Allah ya shirye ka. Zuliha tana zaune Tibiri, har wani ɗan duwan, ma'aikacin kwastan ɗin nan mai ƙaton tumbi, ya fara sintiri a ƙofar gidansu. Zauna nan kana ƙin su."

Bayan mako guda na sa farar shaddata mai aikin wuya, na kafa hula, na goge takalmi har ina ganin fuskata, na hau motar Tibiri.

Na tarar da ita a tsakar gida tana sheƙar gero, da atamfa shuɗiya da ta sha wanki, da baƙin mayafi, ba kwalli ba lalle. Ta rame, amma wuyan nan nata yana nan yadda na san shi. Muka gaisa. Na zagaya, na zagaya, na dai faɗi abin da ya kawo ni. Ba ta ɗago kai ba sai da ta gama ƙwaryar da ke hannunta.

"Malam Idi, an ce ba motar da ta gagare ka."

"Ba a yi miki ƙarya ba."

Ta nuna wata rumfa a ƙuryar gidan. "Ga motar Baba can. Shekara ashirin ba ta motsa ba. Ka tayar da ita, ka kai ni Jiratawa a cikinta in gaida Inna Azumi, uwar Maman Lawali. In ka yi haka, sai in saurare ka."

Na janye tsofaffin tabarmin da aka rufe ta da su. Jama'a, kat-san-kat ce ta gida mai ƙofa huɗu, ruwan toka, irin ta farkon 'yancin kai, da fitilunta zagayayyu kamar idon mujiya. Kaji sun mayar da kujerar baya akurki. Na buɗe gaba, inji yana nan cif. Na leƙa wurin direba, sai na ga rami. Ba sitiyari, ba sandarsa, ba ƙarfen da ke juya tayoyi a ƙasa. An kwance duka.

"Ina sitiyarin?"

"Abin da ka gani ke nan," in ji ta, ta koma kan geronta.

Na shafa wurin da aka kwance, na ji ƙarfen sumul, ba tsatsa. Da a ce hankalina yana jikina da na tsaya na yi tunani. Amma wanda ke kallon wuyan mace ba ya tunanin tsatsa.

Shanun huɗa biyu suka jawo ta daga Tibiri zuwa Maraɗi, ƙarti biyu suna gefe suna harbin tayoyin gaba da ƙafa don su miƙe. Wuni guda muka yi a hanya. Da muka iso, ƙofar gida ta yi kaɗan, sai da na fasa katanga. Yaya Atika ta fito da muciya a hannu.

"Na ce ka kawo mata, ka kawo mini gawar mota!"

Wata uku na yi a kanta. Na ɗaura sarƙa a reshen dogon yaron tsakar gida na zaro injin, ya yi ta lilo a sama kamar ragon layya. Fistin sun kafe, na jiƙa su da kananzir kwana tara ina lallashinsu da guntun itace har suka saki. Na wanke karbireto a kwanon wankin Yaya, abin da har ta koma ga Allah ba ta yafe mini ba. Gasket kuwa da kwalin sukari na yanka su, ina ɗora kwalin a kan ƙarfe ina bubbugawa da ƙaramar guduma har siffar ta fito. Na kai kujeru wurin dukawa suka rufe su da jar fatar akuya. A lokacin ƙasa ta rikice, manya a Yamai sun ƙi jituwa, ma'aikata suna yajin aiki, lakwal a rufe. Ni ban san ana yi ba. Ranar da injin ya tashi, ya yi tari uku ya kama kiɗa sannu sannu kamar mage tana barci, maƙwabta suka leƙo ta kan katanga. Na ce musu, "Ku kalla da kyau, ba za ku sake ganin irina ba."

Saura sitiyari. Tun da darajar kuɗinmu sefa ta karye, sabon kaya ya daina zuwa, kowa ya rungume tsohon da yake da shi. Na zagaye 'yan kas na Maraɗi masu sayar da kayan matattun motoci, babu. Na tsallaka Jibiya, babu. Wanda na samu a Katsina haƙoransa sun cinye, in ka juya shi sai ya yi ta rawa kamar haƙorin tsohuwa. Ɗan duwan kuwa an ce har ya fara kai wa iyayen Zuliha maza goro.

To ga inda maganar take. Na san inda akwai sitiyarin kat-san-kat lafiyayye, wanda ko gezau bai yi ba. Yana kwance a kwarin Jiratawa. Ni kaɗai na sani a duniya, domin sitiyarin nan bai taɓa karyewa ba. Ranar haɗarin, motar wata jam'iyya ce ta wuce mu suna yi mana ihu, zuciya ta ɗebe ni na bi su. Maman Lawali yana cewa, "Idi, sassauta, Idi, akwai mutane a baya." Na jera da su daidai kwana, na saki sitiyari na fitar da hannu ta taga ina yi musu daƙuwa. Shi ke nan. Ba don Zuliha na yi ba, Allah shi ne shaida. Mushe, rubuta wannan sau biyu in kana so.

Mu direbobin tasha muna da al'ada. Motar da ta ci rai, ana iya kwashe tayoyinta da batir, amma ƙarfen jikinta ba a ɗauka sai an wanke shi da ruwan ganyen magarya kamar yadda ake yi wa gawa, kuma sai wani daga dangin mamacin ya zuba ruwan farko. Shi ya sa bashen take nan kwance ba wanda ya taɓa ta. To ni wa zan je in ce wa ya zo ya zuba ruwa a kan sitiyarin da na rantse ya karye?

Na zaɓi ranar Juma'a, daidai lokacin da kowa yake masallaci. Na bar salla na sauka kwari da buhu da sifanu. Rana tsaka, ba iska, ko tsuntsu ba ya kuka. Motar tana kwance a gefenta cikin geza, tsumman tuta yana maƙale a ƙarfen baya. Ko'ina tsatsa da kashin ƙadangaru. Amma sitiyarin, jama'a, ko ƙura babu a kansa. Yana sheƙi kamar wanda ake riƙewa kullum. Na taɓa shi da yatsa ɗaya, ya juya sumul. Ina kwance a ciki ina kwance noti, sai ƙanshin turaren Maman Lawali ya cika mini hanci, wani turare mai kamar kanumfari da yake shafawa a bayan kunne. Na ce a raina ganyen daji ne. Ban ɗaga kai na dubi kujerarsa ba. Ni da ba na tsoron komai, na gama aikin idona a kan ƙarfe kaɗai.

Na gaya wa Yaya daga Kano aka kawo mini. Na ɗaura shi, ya zauna daram kamar don motar aka ƙera shi. Na ja zare daga tayar baya zuwa ta gaba, na daidaita su har suka miƙe kamar sahun salla. Na shiga ɗaki na ɗan kishingiɗa.

Da na fito da la'asar, tayoyin gaba sun karkata hagu har ƙarshe. Ga sawunsu a kan yashin da Yaya ta share, sun ja rabin da'ira.

"Yaya, wa ya shiga motar nan?"

"Wa zai shiga? Ko akuyata ta daina kwanciya a inuwarta."

Na miƙar da su. Washegari bayan azahar, hagu. Na kwance, na duba haƙora ɗaya bayan ɗaya, na sa sabon giris, na mayar. Hagu. Na ɗaure sitiyarin da igiya a jikin ƙofa, na tarar da igiyar a kwance a kan kujera, an naɗe ta tsaf, irin naɗin mai tsabta.

Rana ta huɗu Yaya ta same ni ina cin tuwo. Ta zauna a kan turmi, ba zagi ba tsokana. Wannan ya fi ba ni tsoro.

"Idi, wane ne baƙon da ke zama a motarka da rana?"

"Wane baƙo?"

"Ina shanya, na hangi mutum ta gilashin baya. Ba wurin direba ba, ɗaya gefen. Hularsa ta karkace." Ta dube ni. "Daga Kano ka ce?"

"Daga Kano."

"To. Ranar da za ka ɗauko ta, kada ka ce in raka ku. Ba ni shiga."

Da na ga dama da na kwance shi a ranar na mayar. Amma an ce mini ɗan duwan zai aiko da magabatansa ranar Lahadi. Na aika wa Zuliha cewa Asabar da hantsi ina tafe.

Na wanke motar da sabulu, na goge ƙarafunan gaba da toka har suna ɗaukar ido. Na shiga Tibiri a hankali, mutane suna fitowa daga rumfuna, tsofaffi suna cewa, "Motar Alhaji! Wallahi motar Alhaji ce!" Zuliha ta fito da leshi fari da mayafi ruwan ƙasa, ta sa kwalli a karon farko tun rasuwar mijinta. Na buɗe mata ƙofar gaba.

"A'a," in ji ta. "Can ba wurina ba ne." Ta shiga baya.

Muka ratsa Maraɗi, muka ba masu zanga-zanga hanya a bakin babbar kasuwa, muka kama kwaltar kudu. Motar tana tafiya kamar ruwa. Ina satar kallonta ta madubi, ita kuwa idonta yana kan hannuwana.

"Sitiyarin nan yana da kyau, Malam Idi. Ko rawa ba ya yi."

"Aikina ne."

"Ina ka samo shi?"

"Kano."

"Kano," ta maimaita a hankali.

Da muka doshi kwanar nan, na fara jin nauyi a hannu. Da farko kamar iska ce ke tura mu. Sai ya zama kamar wani ya ɗora hannunsa a kan nawa yana ja hagu, ba da fushi ba, a natse, irin jan wanda ya san inda za shi. Ƙanshin kanumfari ya cika motar. Na riƙe da hannu biyu, na dafe gwiwa a ƙasan sitiyarin, gumi yana shiga mini ido. Taya ta taɓa bakin kwalta ta hagu, tsakuwa ta fara ƙara a ƙasa. Na hangi gezar kwarin. Na ce, "Lawali, tana ciki. Lawali, don Allah, tana ciki." Ban san da ƙarfi na faɗa ba.

Nauyin ya saki. Motar ta dawo hanya.

Zuliha ba ta yi ihu ba, ba ta yi salati ba. Ta ce kawai, "Gidan Inna shi ne na bayan injin ban ruwa, mai ƙofar langa-langa."

Na tsaya a ƙofar gidan na kashe motar. Muka yi sallama muka shiga. Tsakar gida an share, an shimfiɗa tabarma. Inna Azumi tana zaune a kai, 'yar tsohuwa ƙarama, idanunta sun yi fari fat, ba ta gani. A jikin rumbun da ke bayanta an jingine wani abu a kan buhu. Sitiyari ne, da sandarsa, da ƙarfen ƙasa, an shafe su da mai. Ruwan toka, launin motar da na tuƙo.

"Na Baba ne," in ji Zuliha. "Yaya Atika ta faɗa wa wata a gidan biki cewa za ka zo. Na sa aka kwance shi kwana uku kafin ka iso. Na ce in da gaske sitiyarin bashen ya karye, har abada ba za ka sauka kwarin nan ba. Ranar Juma'ar da ka sauka, mai ban ruwan albasa yana saman tudu yana kallonka."

Ni da nake cika tasha da murya, na sunkuyar da kai.

"Idi ne?" in ji tsohuwar. "Matso, ɗana. Zauna nan."

Na durƙusa a bakin tabarma. Na faɗa mata. Tseren, da ihun, da daƙuwar, da yadda ɗanta ya ce in sassauta. Da na gama ta miƙo hannu tana lalube.

"Wane hannun ne ka fitar?"

Na ba ta na hagu. Ta riƙe shi da hannu biyu, tana shafa yatsun ɗaya bayan ɗaya, ta daɗe.

"Wannan ya wuce, Allah ya riga ya rubuta," in ji ta. "Abu ɗaya nake so, kai kaɗai ne za ka sani, tunda kai ne kusa da shi. Da motar ta tafi, ɗana ya samu yin kalmar shahada?"

Jama'a, kalma ɗaya ce. In na ce e, tsohuwar nan za ta yi barci mai daɗi har ƙarshen ranta. Ba mai ban ruwan da ya ga wannan, ba jandarman da zai ƙaryata ni. Na ji kalmar ta hau kan harshena, a shirye, mai santsi. Na ɗaga kai, Zuliha tana tsaye a jikin rumbu tana kallon bakina.

Na ce, "Ban sani ba, Inna. Ba na ciki. Ƙofar ba da kanta ta buɗe ba. Ni na buɗe na yi tsalle tun kafin mu faɗa."

Tsohuwar ba ta saki hannuna ba. Hawaye suka gangaro daga fararen idanun nan, leɓɓanta suna motsi, tana yi wa ɗanta abin da ban tsaya na ji ko ya yi ba.

Zuliha ta shiga ɗaki. Na ɗauka shi ke nan, na fara neman takalmina. Sai ta fito da bokiti cike da ruwa, ganyen magarya yana yawo a sama, an riga an jiƙa shi tun safe. Ta ajiye a gabana, ta kama tsohuwar ta tayar da ita tsaye.

"Je ka kwanto wa mamacin sitiyarinsa, Malam Idi. Inna za ta zuba na farko, ni in zuba na biyu. Kai za ka ɗauke shi a ka, da ƙafa, ka mayar inda ka samo."

"Bayan nan fa?" na tambaya.

Ta gyara mayafinta.

"Bayan nan ka dawo ka ɗaura na Baba. Ba ni da wata motar da za ta mayar da ni Tibiri."